Bikin Buɗe Famfon Bahona

Jama'a, ranar Talata na tashi na tarar bahon ruwan ɗumina yana fitsarin kwance. Ruwa ya taru a ƙarƙashin injin famfonsa, kaji suna ta sha abinsu. Bahon nan, da na saya a hannun wani otal da ya karye, shi kaɗai ne abin taƙamata a unguwa. Ba ni da mota, ba ni da gona, amma in na shiga ruwa yana ɓulɓulo mini a gadon baya, ko attajiran Santiago ba su fi ni ba.

Matata Yudelka ta leƙo, ta riƙe ƙugu. "Radhamés, ranar Lahadi Mama za ta zo gasa gwiwoyinta. In ta zo abin nan bai tashi ba, na rantse sai na ba Yaya Chepe ya zuba kifi a ciki." Dama ta daɗe tana neman hanya. Kuma Yudelka ba ta rantsuwar banza.

Maƙwabcina Don Fellito ya ɗora kofin kofinsa a kan katanga. "Sil ne ya cinye, mutumina. Ka bar shi yana juyi babu ruwa, ko?"

"Ni na bar shi? Tambayi manya!"

Sil wani ɗan zobe ne na roba da tangaran a bayan farfelar injin, shi ke hana yoyo, kuma in ya juya a bushe sai ya ƙone. To a garinmu, Mai Girma Uban Bututu da Ranka-ya-daɗe Sarkin Wayoyi, shugabannin ruwa da na lantarki, sun tsara aikinsu tsaf, dole a yaba musu. In wannan ya kawo ruwa, wancan ya ɗauke wuta. In wuta ta dawo, famfo ya koma tari. Kowane zaɓe kuma sai an sake buɗe mana bututun nan na bakin kasuwa, da kiɗa da almakashi, alhali ko ƙadangare bai taɓa jiƙa ƙafa a cikinsa ba. Shekara da shekaru ina yi musu dariya a shafin nan nawa na jarida.

Na hau mota har Santiago na sayo sabon sil. Mai shagon ya ja mini kunne: kada in taɓa fuskarsa da yatsa, kada in shafa masa giris, ruwan sabulu kawai. Na kwance injin, na cire farfela bayan ta ci mini fatar hannu, na zaro tsohon, na zaunar da sabon a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Wallahi aikin ya yi kyau. Kyansa ne ma ya kai ni ya baro.

Na ce irin wannan aiki ba a yi masa buɗewar ɓoye. Ranar Asabar na tara maƙwabta, aka ɗora tukunyar sankoco, farfesunmu na nama da rogo da ayaba, aka kawo teburin wasan domino, na saci jan ƙyalle a keken ɗinkin Yudelka na ɗaura a jikin injin. Matsala ɗaya ce: ruwan bahon iyakarsa idon sawu, don famfo ya kwana biyu a bushe, matata kuma ta kwashe sauran ta yi wanki.

Tun safe dama babu wuta, ina cikin jawabi sai unguwa ta ɗauka: "Wuta ta dawo!"

Don Fellito ya jawo rigata. "Mutumina, ruwan bai kai bakin bututun injin ba fa."

"Haba Don Fellito, jama'a sun taru! A buɗe tukuna, sauran ma gyara daga baya."

Da bakina na faɗa, a gaban shaidu. Na yanke ƙyalle, aka yi tafi, na danna makunni. Injin ya yi gurnani, ya koma ƙara kamar akuyar da aka taka, sai ƙaurin roba ya rufe ƙamshin miya. Don Fellito ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, wace kujera kake nema?"

Surukata, Doña Chencha, ta gasa gwiwoyinta a bokiti, tana kallona tana girgiza kai. Litinin da sassafe Chepe ya iso da kifinsa a jarka. Ba zan ɓoye muku ba, na shiga ɗaki na share hawaye.

Jiya kuma sai ga mutanen Mai Girma Uban Bututu. Wai sun ji labarin an fara kiwon kifi a unguwa, kuma ashe yana cikin shirinsu na tallafa wa talaka. Tankar ruwa ta riga Mai Girma isowa, ta cika bahon, ta cika tankin saman rufinmu har ya yi ambaliya. Ya tsaya kusa da kifin Chepe aka ɗauki hoto, ya yi jawabi mai tsawo a kan aikin da ba a yi ba.

In kun ga hoton a jarida, akwai wani mai sanƙo a gefe yana tafi har da tsalle. Don Allah kada ku tambaye ni ko wane ne.