Baban Ladidi da Kebul ɗin Asibiti

Mu uku ne a gidanmu: ni da maigidana da jaririyarmu Ladidi. Shi ne mai gadin ƙaramin asibitin ƙauyenmu. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi.

Malama Tabawa, mai kula da asibitin, ta tafi kwas birni ta bar masa kwamfutarta. Kafin ta tafi ta rubuta saƙon neman allurar rigakafi, saura turawa, sai intanet ɗin da ke shiga ta kebul ya ɗauke. In Juma'a ta wuce saƙon bai tafi ba, babu allura a watan, ga Ladidi lokacin tata ya yi.

Wata rana, Litinin ce, Malama ta ce masa a waya, "Kashe ta, ka jira, sannan ka kunna." Ya kashe, ya zauna. Na kai tuwo na dawo da tuwo. Ran Talata na ce, "Baban Ladidi, ba ka kunna ba?" Ya ce, "Ta ce in jira. Ta faɗi ranar dainawa ne?"

Wata rana ta ce, "Zare kebul ɗin ka mayar, sai ka ji ya yi ƙas." Ya mayar bai ji ba. Ya je ya sa mai injin niƙa ya kashe inji, ya kore kajin unguwa, ya hana mai kifi yin talla. Mata suka cika min gida da ƙwaryar dawa a ka. Iya Delu maƙwabciyarmu ta ce, "Amarya, mijinki zai ci ƙas ɗin ne da dare?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Wata rana kuma ta ce, "Akwai 'yar fitila a bakin ramin da kebul ke shiga. Kada ka ɗauke ido, in ta yi kore ka kira ni." Mahaifiyarsa ta zo ziyara tun daga rugar kudu, ya gaishe ta da ƙeya. Ni na riƙa ba shi fura a baki kamar mara lafiya. Fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Ran Juma'a da hantsi Malama ta gaji. Ina jin muryarta daga inda nake tsaye: "Don Allah kwashe komai ka kawo min birni."

Ya aro amalanke. Na ce a hankali, "Kwamfutar take nufi." Ya ce, "Komai ta ce." Ya fitar da benci, ya fitar da sikelin awon jarirai, ya rungumi kabad ɗin magani ya jawo shi daga jikin bango. A bayansa sai ga ɗaya bakin kebul ɗin yana lilo, kabad ya ture shi daga raminsa. Na duƙa da goyo na tura shi. Fitila ta yi kore. Na danna inda Malama ta nuna mana kafin ta tafi, saƙo ya tafi.

Na kira ta ina ba ta labari, ta ce, "Ina shi gwanin?"

Na leƙa. Ya ɗaure kabad a amalanke, ya dawo yana cire ƙyauren ƙofa.