Sunan Wa Ke Goshin Doguwa?

"Lafiya lau na kwana, 'yar gwaggo. Ke ce dai ban sani ba ko kin kwana da gaskiya."

Munji ne ya faɗi haka tun bai gama kafe babur ɗinsa ba a ƙofar ofishin ƙungiyar manoman dabino ta Nafta. Ya shigo da kwando rufe da tsumma, ya tura shi ƙarƙashin kujera da ƙafa. Ulfa, 'yar ƙanwar babansa, ta shekara ashirin a Tunis tana aikin kwamfuta. Ƙungiya ce ta ɗauko ta don ta zuba itatuwan dabinon gari kaf cikin sabuwar rajista, da irin rubutun nan da ake kira XML, ranar Alhamis kuma za a aika a buga hatimi. Jiya a wurin aski Munji ya ji wai kowane itace suna ɗaya tak zai ɗauka. To Doguwa fa, dabinon da Kaka Mubarka ta bar wa jikoki huɗu? Gefe-gefe ta raba ta, kowa da launin zaren da ake ɗaure rassansa: gabas na Ulfa, jan zare, yamma na Munji, shuɗi, kudu da arewa na Basma da ƙanenta Lutfi.

"Sannu da zuwa, ɗan kawu," in ji Ulfa, ta ɗan karkatar da fuskar kwamfutar. "Wa ya mutu ka yi wanka ranar Talata?"

"Me kika juya?"

"Rana ce ke dukan gilashin."

"Rana a ɗakin da ba taga? Ruwa ba ya tsami banza. Faɗa mini, a cikin tsafin nan naki, ina ake rubuta mai itace?"

Ulfa ta zuba masa shayi ta yi ajiyar zuciya. "Bari in yi maka bayani yadda ake yi wa jaki hanyar rijiya. Kowane itace akwati ne. Abin da ka sani game da shi, ko dai ka rubuta a goshin akwatin, shi ne atiribut, ko ka yi masa ƙaramin akwati ka saka a ciki, shi ne elemen."

"Sunaye kamar maganin basir. Mai itace fa, goshi ko ciki?"

"Goshi. Ya fi gajarta, ya fi tsabta."

"To rubuta mu huɗu a goshin Doguwa."

"Ba ya yiwuwa. Goshi ba ya karɓar tambari iri ɗaya sau biyu."

"Ki jera mu a layi ɗaya mana, kamar sahun salla."

"Sai injin ya ɗauka mutum ɗaya ne mai dogon suna: Munji Ulfa Basma Lutfi. Ka taɓa ganin wannan halittar?"

Munji ya ajiye kofin bai kurɓa ba. Biri fa ya yi kama da mutum. Suna ɗaya, kuma alƙalami a hannun 'yar gwaggo! Wannan ai an ba kura ajiyar nama.

"Tun kina 'yar shekara shida kike cinye dabinon yamma ki zubar da ƙwallayen a gabas. Juyo da abin nan in gani."

"Ka iya karatu ne? Malaminmu Tijani har ya rasu yana kuka da sunanka."

"Sunan ɓarawo ko a duhu ina gane shi. Juyo!"

Ta juyo. Ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa, ya tsaya. A goshin Doguwa, bayan lambarta da irinta, sunansa ne zaune daram. Munji, shi kaɗai.

Da wani ne, da ya yi murna. Munji ja da baya ya yi da kujerarsa, kamar ya ga kunama.

"Me na yi miki?"

"Au, kyautar ma laifi ce? Kai ke hawanta duk bazara ka ɗaura mata furen namijin dabino don ta yi 'ya'ya, da wannan tumbin naka. Na ce a bar wa mai wahala."

"Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ranar yasar magudanar ruwa, sunan wa ƙungiya ke kira?"

Ulfa ta shiga gyara mayafi. "Wanda ke goshi."

"In tsutsa ta shiga itace, wa ake kira?"

"Wanda ke goshi."

"In Basma ta ji an share ta daga dabinon kakarta, gidan wa za ta zo da muciya?"

"Ka ga, wannan ba ya cikin aikin kwamfuta."

"Kifi na ganinki, mai jar koma! Ke kina Tunis kina shan iskar teku, kwandonki na iske ki duk kaka, ni ina nan da laka har gwiwa da muciyar Basma a ƙeya. Cire ni daga goshi. Ki yi mana ƙananan akwatunan nan, huɗu, kowa ya shiga nasa."

"Saboda itace ɗaya in warware tsarin itace dubu biyu? Jibi ne Alhamis!"

"Itace ɗaya? Kin daɗe a birni, 'yar gwaggo. Na gidan Hajji Bashir mutum bakwai ke da shi. Na bakin magudana, 'yan'uwa biyu ne da ba sa ga maciji, ki sa sunan ɗaya ki ga jana'iza. Kafin shayin nan ya huce zan lissafa miki talatin."

Ya fara lissafi da yatsu. A na tara Ulfa ta daina murmushi. A na goma sha huɗu ta jawo tsohon kundin ƙungiya ta buɗe. Gurbin suna ɗaya ne a kowane layi, gaskiya, amma a gefen shafi, da ƙaramin rubutun fensir da ba ta taɓa kulawa da shi ba, ga sunaye nan cunkushe kamar tururuwa.

"Innalillahi," ta ce a hankali. Sai ta fashe da dariya har da dukan tebur. "Yau jaki ya koya wa malami karatu! Shi ke nan. Lamba da iri su zauna a goshi, tunda ba sa haihuwa. Masu itace kuwa kowa da akwatinsa, a goshin akwatin in rubuta gefensa."

"Rubuta ina kallo. Yamma. Kada hannunki ya zame."

Ta rubuta, ya ƙirga akwatuna huɗu, ya sake ƙirgawa, ya sa ta karanta masa da ƙarfi. Sannan ya sha shayinsa da ya huce, ya jawo kwandon nan ya yaye tsumman. Dabino ne jawur, yana sheƙi kamar zuma.

"Ungo. Da na zo da shi ne in saye ki in kin ƙi. Tunda kin tuba, ci kyauta."

Ulfa ta ɗaga reshe ɗaya ta kai baki, sai ta tsaya. A gindin reshen ga zare ɗaure, jawur.

"Munji! Wannan ai na gabas ne. Dabinona ka tsinko ka kawo mini toshiya?"

Yana bakin ƙofa ya riga ya ɗora ƙafa a kan babur. "Da na tsinko, rajista ta ce Doguwa duk tawa ce. Ke kika rubuta!"