Kifin Da Ya Ƙi Bushewa

"Lafiya lau na kwana, ganin fuskarki ne kawai ya ɓata min safiya," in ji Na'ibi, yana dire kwando a ƙofar Turai.

Ni kuwa ina leƙe ta hujin langa-langar da ta raba gidajenmu a unguwar Karantina ta Jidda. Ba gulma ba ce, hujin ne ya zo daidai idona.

Na'ibi taubashin Turai ne, ɗan gwaggonta. Daga Mai Wurno ta Sudan ya zo aikin Hajji, ran Alhamis jirgin ruwa zai mai da shi. Turai ba ta da kowa a Jidda tun rasuwar mijinta. Kowa "Hajiya, Hajiya", a durƙusa a wuce. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya zage ta sai da wannan tsohon ya sauka.

Ta ce masa bawa ba ya gaida uwargijiyarsa a tsaye. Ya ce gwiwarsa ta ƙare a yawon garinta. Wai ya je Bangala, inda masunta ke sauke kifi, ya ga ruwa har iyakar ido amma ba na sha, ga kwale-kwale birjik, ba wanda ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. Daga nan ya shiga Balad, tsohon gari, kallon Gidan Nasif, wanda aka ce raƙumi na hawa benensa.

"Kai ka hau?"

"Ban shiga ba."

"Gara. Raƙumin ya fi ka iya tafiya."

Ya ce tagogin katakon gidan ba su dame shi ba. Darbejiyar ƙofar gidan ce ta zaunar da shi, don sak irin ta ƙofar kakansu ce. Turai ta ce ita ma can take zuwa ran Juma'a ta zauna, sai kuma ta hau shi da faɗa wai ya tsaya mata a kan tabarma.

A kwandon wani jan kifi ne ƙato, najil, ya ce a yi masa banda ya kai gida tsaraba. Ta ce kifin teku ba irin tarkacen kifin Nilu ba ne, sai ya kwana bakwai a kan hayaƙi.

Ƙarya ne. Tun Talata kifin nan ya bushe ƙamas, har na ɗebi ɗanɗano ta saman langa-langar ba da saninta ba. Da safiyar Laraba na gan ta da buta tana yayyafa masa ruwa.

Na'ibi ya zo da hantsi, jakarsa a ɗaure. Ya taɓa kifin, ya dubi jiƙaƙƙen yatsansa, ya dubi butar.

"A Jidda hayaƙi ruwa yake zubarwa?"

"Raɓar teku ce, baƙauye."

"Jirgi gobe ne fa, Turai."

"To yalla, ɗauki abinka ya ruɓe maka a hanya."

Ba ta kalle shi ba, tana ta tura itace a wutar da ba ta bukatar itace.

Ya daɗe a tsaye. Can ya yi dariya, ya ajiye jakar, ya ce akwai wani jirgin bayan sati uku, kuma ba zai bar kifinsa a hannun mayya ba.

"Halas, shi ke nan," in ji ta. "Zauna a ƙasa, bawa."

Ya zauna. Ya jawo butar ya miƙa mata.

"Ungo, gefen wutsiyar ya fara bushewa."