Jarrabawar da Jatau Ya Yi wa Masu Neman Aikin Kwamfuta

To, shi dai Jatau magidanci ne, matarsa ɗaya, 'ya'yansu huɗu, kuma ba shi da mugunta ko kaɗan. Abu guda ne da shi: yadda aka faɗa masa magana, haka zai yi ta, ba ragi ba ƙari. Yana gadi a ɗan asibitin awon ciki na yayarsa, Yaya Delu. Bayanan matan garin duka suna cikin kwamfuta guda, da mai hawan jini, da wadda wata allura ba ta karɓarta. Sai ga shi mai kula da bayanan ya samu aiki a birni, ya tafi. A asibitin kuwa ba wanda ya san kan abin. Yaya Delu har ramewa ta yi.

Wata rana ta ba Jatau takardar cigiyar ma'aikaci, ta ce, "Kai ta inda mutane suka fi yawa." Ranar kasuwa ce, sai ya kai ta kara, wurin masu shanu. Washegari ga dillalai, ga mai cajin waya, ga wani tsoho mai gyaran rediyo da jakarsa. Da ƙyar aka tsamo mutum uku da suka taɓa aikin.

Wata rana kuma tsohon ma'aikacin ya turo tambayoyi goma, kowace da amsarta a ƙasa. Yaya Delu tana ɗakin haihuwa, ta miƙa wa Jatau ta taga. "Karanta wa masu neman aikin duk abin da ke ciki, kar ka tsallake komai." Bawan Allah bai tsallake ba. Ya karanta tambaya, ya karanta amsa, su kuma su maimaita. Ya dawo da murna.

"Yaya, duka sun ci! Goma-goma!"

Ta riƙe kai. "Jatau, Allah ya shirye ka. Ni abin da nake so, wanda in bayanan nan suka ɓace zai dawo da su. A kan haka za ka gwada su."

Wata rana, ranar da aka sake kiransu, Jatau ya jera su gaban kwamfutar. A ransa, abin da bai ɓace ba ai ba a dawo da shi. Sai ya ce, "Kowa ya goge sunayen matan nan kaf, sannan ya dawo da su."

Na farko ya ce ana kiransa a waya, ya fita, bai dawo ba. Na biyu, Injiniya Sagir mai kwat, ya naɗe hannun riga. "Wannan ai wasa ne." Yana kai hannu, ta ukun, Malama Zulai, ta janye allon rubutun daga gabansa.

"Malam Jatau, a ina kuka ajiye kwafi?"

"Kwafin me?"

"Innalillahi! Wallahi ba mai taɓa abin nan, ko za ku kore ni."

"Hajiya, ke ce mai asibitin?" in ji Injiniya.

Ba ta kula shi ba. Ta zaro filas, ɗan abin adana bayanan kwamfuta, daga jaka ta kwafi komai, ta zuba a tata kwamfutar da ta zo da ita, ta goge a can, ta sake dawo da shi. Tana cikin haka Yaya Delu ta shigo a guje, safar hannu ma ba ta cire ba, don wata nas ta kai mata labari. Ta ga sunayen matanta suna nan a jere. Ta sulale ta zauna a ƙasa tana ta hamdala.

"'Yar nan, gobe ki fara aiki."

Jatau ya matso kusa, ya rage murya. "Yaya, ita fa ta faɗi jarrabawar. Na ce ta goge namu, ta ƙi."

Yaya Delu ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Allah ya sa kullum ta riƙa ƙin maganarka haka."

Jatau ya shafa, ya ce, "Amin."