Man Shanu da Igiyar Tuta

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka ba ni jan tuta a lakol, wato makarantarmu ta garin Agiye, ba. Ko na so mantawa, 'yan ajinmu ba za su bari ba.

Tun ina rarrafe kirci ya addabe ni: lanƙwasar hannu, bayan gwiwa, har tsakanin yatsu. In ina ci susa, in ina karatu susa (Inna ta rantse maƙwabta na jin ƙarar farcena ta katanga). Maganin kakata ɗaya ne: wanka da ruwa mai ɗumi, ba sabulu, sannan ta lakato man shanu da yatsa ta shafa mini. Yana lafawa kam, amma a hankali, kamar tafiyar jaki da kaya.

Shekarar da muka samu mulkin kai, malaminmu, wanda muke ce wa Mushe (wato "malam" da Faransanci), ya zaɓe ni in ja igiyar sabuwar tuta gaban Kumandan, babban jami'in mulkin yankinmu. Ya ce, "In na ga ka yi susa ko sau ɗaya, Habu zan ba igiyar." Habu fa! Yaron da ƙirgensa na Faransanci bai wuce goma ba!

Na ruga gida. "Kaka, ki ƙara man nan."

"Kai, angon banza, kaɗan ake shafawa. Miya zan kaɗa da kai?"

Ni kuwa na yi nawa tunanin: in lakata ɗaya na hana susar rabin yini, ai ƙwarya guda warkewa ce har abada. Ran biki da safe tana fita rijiya, na juye ƙwaryar duka a jikina.

Kumandan ya makara. Muna tsaye cikin rana, na fara narkewa. Ƙudajen Agiye suka hallara, suka aika garuruwan Cadawa da Gazawa a turo 'yan'uwansu. Habu ya shinshina, ya ce, "Wa ya zo da tuwo?" Na daure, ban yi susa ba.

Aka busa usur. Na ja igiya, ta zame. Na sake ja, ta zame. Na sa haƙori na sa gwiwa, tuta ta kai rabi, sai suuu, ta sauko ta lulluɓe ni. Da na yakice ta, ga tafin hannuna biyu raɗau a kan farin ƙyallen.

Can cikin mata sai muryar Kaka: "Ashe ga inda man shanuna ya tafi! Ku riƙe mini shi!"

Sai da Mushe ya murje igiyar da yashi kafin Habu ya ja ta, yana washe mini baki.

Na dai koya: in tsohuwa ta ce lakata ɗaya, to ɗaya ce. Kircin kuwa ya yi sati cur bai motsa ba, amma ban sami wanda zan yi wa wannan albishir ba.