Turaren da Na Haɗa wa Surukaina

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da dangin Rukayya suka zo ganin ɗaki ba. Rukayya ita ce yarinyar da ɗan farina ya nema, 'yar Miga, irin wadda idan ta durƙusa gaishe ki sai kin roƙe ta take tashi. An riga an sa rana. Abin da ya rage shi ne iyayenta mata su zo Haɗejiya su ga ɗakin da za ta zauna, su auna inda gado da kujeru za su shiga.

Sana'ata haɗa turaren wuta. A wajen wata maƙwabciyarmu Babarbariya na koya, Allah ya jiƙanta, kuma duk unguwa an san ni da hanci. Idan aka kawo min kajiji ko jema, shinshinawa kawai nake yi in ce wannan na bana ne, wancan ya sha damina. A makarantar yaƙi da jahilci da na shiga da girmana, malamarmu takan ce da da hanci ake karatu, da ni zan zo ta ɗaya (da ido kuwa, a bar maganar). Wannan yabon ne ya shiga kaina ya yi zamansa.

Yaron nan (ku yi haƙuri, a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, balle ta leƙa ɗakinsa) noman shinkafa yake yi a fadamar Auyo. Idan ya dawo a babur yakan ajiye min kajiji a bakin ƙofa bai ce uffan ba, ni ma in ɗauka ban ce uffan ba. Mutane har yaba mu suke yi, wai uwa mai kunya ta haifi ɗa mai kunya.

Ana gobe baƙin za su zo, na duba bakin ƙofa babu kajiji. Kayansa kuwa duk suna tsakar gida saboda an yi wa ɗakin fenti, shi kuma ya tafi gona. Na buɗe buhunsa, ga kajijina a sama. A ƙarƙashi kuma ga wata baƙar leda an ƙulle ta tam. Ina kwancewa wani ƙamshi mai kaifi ya daki hancina, kamar ɗanyar ciyawa an haɗa ta da ɓawon lemun tsami. Busassun kawunan fure ne, kore-kore, a cuccure. Ban taɓa ganin irinsu ba. Mace mai hankali sai ta jira ɗanta ta ce, "Wannan mene ne?" Ni kuwa na ce a raina, Allah sarki, ya samo wa uwarsa sabon haɗi don ta fita kunyar surukai, nauyin baki ya hana shi faɗa. Har 'yar ƙwalla na share.

Na ɗauko faifai na zauna tsinta. Zaɓen da na yi wa abin nan, ko shinkafar biki ban taɓa yi wa ba. Na ware 'ya'yan da kararen gefe. Waɗanda suka yi baƙi suna warin fumfuna na watsa wa kaji (Allah ya yafe min haƙƙinsu). Na bar masu nauyi, masu danƙo a yatsa, waɗanda idan an murza ƙamshinsu ya fi tashi. Ina yi ina yaba wa kaina. Na daka rabi da kajiji, na soya da sukari da miski, na shanya a inuwa.

Washegari bayan azahar suka iso. Jagorarsu Gwaggo Tabawa ce, ƙanwar mahaifin Rukayya, mai sayar da abinci a tashar mota. Tare da ita akwai Hajiya Ladi, yayar uwar amarya. Suka auna ɗaki, suka yaba fenti, suka ci shinkafa da kifi, aka dama fura. Sannan na shigo da kasko cike da garwashi. Na rufe taga na saki labule, kamar yadda ake yi don ƙamshi ya kama tufafi, na zuba haɗina ba rowa.

Hajiya Ladi ta lulluɓa mayafinta a kan kaskon ta ce, "Uwar ango, wannan turare naki da ƙarfi yake."

Da na yi shiru a nan, da wataƙila Allah ya rufa asiri. Amma ina! Sai na gyara zama na ce, "Ai na musamman ne, Hajiya. Angon naku ne ya kawo shi daga fadama da hannunsa. Ni dai nawa zaɓar masu kyan ne."

Gwaggo Tabawa ta ajiye ludayin fura. Ta ja hanci a hankali, ta dube ni ta ce, "Ko akwai sauran wanda ba a daka ba?"

Da rawar jiki na kawo mata faifan, a zatona saye za ta yi. Ta ɗauki guda ta murza, ta shinshina, ta mayar.

"Da aka ce kin iya zaɓe, ba a yi ƙarya ba," in ji ta. "A tasha na tsufa, kullum ana busa ta a bayan rumfata, ban taɓa jin mai ƙarfin wannan ba. Wiwi ce, baiwar Allah. Kuma mai kayan nan ba jiya ya fara ba."

Hajiya Ladi ta fizge mayafinta tana kakkaɓewa. "Yanzu da warin nan zan shiga mota? In aka tare mu a hanya in ce daga gidan surukai nake?"

Na rasa abin yi, na juye kwanon furar a kan garwashin, hayaƙin ya ƙara turnuƙewa. Duk maganar da ke duniya, wadda ta zo bakina ita ce, "Ko in buɗe taga?"

Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi da ya fi min sauƙi. A zaure Gwaggo Tabawa ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ba ki da laifi. Gara da muka ji a hancinmu kafin mu ji a bakin 'yarmu. Sai mun yi shawara." Duk wanda ya taɓa aurar da ɗa ya san ma'anar wannan shawarar.

Na koma tsakar gida na zauna ina kallon faifan. Sai abubuwa suka riƙa dawo min. Jan idonsa, da na ce ranar fadama ce. Baƙin leɓensa, da na ce gadon dangin ubansa ne. Cin tuwon mutum biyu, da na ce aikin gona ne. Hancin da ke bambance kajijin bana da na bara bai taɓa jin warin rigar ɗana ba, domin ban taɓa matsawa kusa da shi ba.

Kafin magariba ya shigo da babur. Ya ga faifan a gabana, ya tsaya cak. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, amma na ɗaga shi.

"Sagiru."

Sai da ya waiwaya bayansa, kamar akwai wani Sagirun. Sannan ya ce, "Na'am, Inna."

"Zo ka zauna nan kusa da ni."

Ya zauna a gefen tabarma. Ya ce tun shekarar da ambaliya ta cinye masa shinkafa ana gab da girbi ya fara, don ya riƙa samun barci. Na ce me ya hana ka faɗa min? Ya ce, "A ina zan faɗa, Inna? A bakin ƙofa?"

Bikin an ce an ɗaga, daga baya aka dawo da kayan sa rana. Na ji Rukayya an ba da ita a Jahun. Ɗakin yana nan da fentinsa, buhunan shinkafa ke kwana a ciki. Sagiru yana ƙoƙarin bari, wani makon ya yi nasara, wani makon in ga idon ya sake ja, ba zan yi muku ƙarya ba. Masu sayen turarena kuma har yau sai sun ce, "A ba ni na amare, ban da na fadama."

Abin da na koya, idan kin ga baƙon abu a kayan ɗanki, ɗan za ki tambaya, ba hancinki ba. Yanzu kullum da safe sai na kira sunansa maƙwabta suna ji, in karɓi rigarsa da sunan wanki, in kai ta hanci. Hancin nan gwanin zaɓe dai ya samu aikin da ya kamace shi, bayan baƙi sun riga sun tafi.