Yadda Za Ki Zille wa Rawar Biki da "Ojalá Pueda"

Ke da ƙafarki ba ta jin kiɗa, ga shi an sa ki cikin 'yan rawar bikin cikar 'yar goggonki shekara sha biyar, kwantar da hankalinki. Wannan hanya tabbatacciya ce. Nayeli, wata sarkin karatu a Oaxaca ta ƙasar Meziko, ta gwada ta.

1. Ki rabu da kalmar Sifaniyanci "puedo"

Ma'anarsa zan iya, kuma igiya ce a wuya. Ki ce "pueda". Wannan siga ta fata ce da shakka, ta abin da bai faru ba tukuna. Masana sun ce ba a kama mutum da laifin gobe.

2. Ki jingina ta da Allah

Da Goggo Chabela ta ritsa Nayeli a kicin ta ce, "'Yar nan, na sa ki a layin gaba," sai Nayeli ta zuba wa tukunyar wake ido ta ce, "Ojalá pueda, Goggo." Wato Allah ya sa in iya. Ba e, ba a'a. Ai kin san a'a ga goggo zagi ce.

3. Ki yi ajiyar zuciya

Guda ɗaya. In kika ƙara, za a dafa miki magani.

4. Kada ki bari a tausaya miki

Nan Nayeli ta ɗan yi tuntuɓe. Goggo ta dafa ƙirji ta ce, "Allah ya sa? To ai sai mu taya ki roƙo." Ta ɗauki gyale ta nufi coci, ta kunna wa waliyyin unguwa kyandir, ta yi masa alkawarin furanni in yarinyar ta yi rawa.

"Yanzu ba ni za ki ba kunya ba, malama," in ji ta da ta dawo. "Tsakaninki da waliyyi."

5. Ki sa takalmi mara tsini

Ran Asabar Nayeli ta shiga fili cikin riga ruwan hoda. Ta yi ta taka abokin rawarta Eusebio har ya raɗa mata, "Don Allah ki bar min ƙafa ɗaya in koma gida." Goggo kuwa hawaye take, tana bin tebur-tebur tana shelar an karɓi addu'a.

Gargaɗi: mai wannan nasiha nahawu ta karanta, ba ta karanci goggonni ba. Duk wadda ta tsinci kanta a filin rawa, ta kai ƙara wurin wanda aka kunna wa kyandir.